Motar Ishaku Ba Ta Kwana Da Batir

In kun taɓa shiga tashar Gazawa da hantsi, ba mamaki kun ga wani dogo mai furfura a gemu yana kai da komowa tsakanin motoci yana kiran fasinja, murya duk ta dishe. Shi ne Ishaku. Ni kuwa sunana Saudatu, ni ke sayar da tuwo a bakin ƙofar tasha, dab da masu esansin kwalba, wato man mota. Uwarsa ƙanwar ubana ce, saboda haka taubashina ne, ina da damar in zage shi a gaban kowa, kuma ina yi. Yau ma ba yabonsa na zo yi ba. Haushinsa nake ji, da shi da mutanen garinsu kaf, kuma tun da na rasa wanda zan huce a kansa, ku sai ku saurara.

A Dogon Marke aka haife shi, wani ƙauye kudu da nan, inda kwalta ba ta taɓa leƙawa ba. Ya ɗan taɓa lakol, wato boko, ubansa ya rasu, ya ajiye ya bi wata babbar mota mai jigilar hatsi yana karen mota. Ya sha rana a saman buhuna tsakanin Cadawa da Maraɗi har aka yarda ya riƙe sitiyari. Daga nan ya yi shekaru yana tuƙa motocin mutane, yana cika aljihun wasu. Halinsa ɗaya tun muna yara: bakinsa bai iya cewa a'a ba. Babbar rigar da ya yi aure da ita sai da ta aurar da rabin samarin Dogon Marke kafin ta dawo masa da ƙunar taba a ƙirji. Da na tambaye shi wa ya ƙona, cewa ya yi ai wuta ba ta da ido.

Sai da gemu ya fara fari sannan ya mallaki tasa motar, wata farar Toyota da ta gama wahala a ƙasar Turawa, ta biyo ta Kwatano, ta ƙara wata wahalar a Maraɗi, sannan ta faɗo hannunsa. Ta girmi 'yarsa ta fari nesa ba kusa ba. Amma ranar da ya shigo da ita tasha, ni kaina na yi guɗa, na zuba masa tuwo da nama ban karɓi komai ba. Abin da ya fi motar ma daraja shi ne layi. A tashar nan, in sandika, ƙungiyar direbobi, ba ta rubuta ka a layi ba, ko motarka ta fi ta gwamna ba ka ɗaukar fasinja ko ɗaya. Ishaku ya daɗe yana jira, sai da wani tsohon direba ya rasu aka ba shi gurbinsa, Gazawa zuwa Dogon Marke da ƙauyukan da ke kan hanya. Da wannan layin yake ciyar da matarsa Bilkisu, da 'ya'yansa, da Gwaggo wadda ta haife shi.

To, Dogon Marke ba wutar lantarki. Masallacinsu yana da lasifika da wani ɗan siyasa ya ba su lokacin zaɓe, tare da batir da faifan sola. Batir ɗin ya mutu, faifan ya fashe, ɗan siyasan bai sake biyowa ta nan ba. Ranar da Ishaku ya fara kwana da mota a garin, ladan Malam Auta ya zo ya taya shi murna, ya shafa motar, ya ce ko za a ara musu batir na yau kaɗai, mutane su ji kiran lisha da na asuba kamar da. Kun riga kun san amsar da ya bayar. Yau kaɗai ta zama kullum. Da magariba a kwance batir a kai masallaci, bayan lisha a jona masa wayoyin salula kamar 'yan awaki a nonon uwa, da safe a mayar. Tun ana sallama a roƙa har Malam Auta ya sayi sifanarsa ta kansa. Da kunnena na ji wani dattijon garin yana ce wa Ishaku ya riƙa tafiya a hankali a kan gargada, kada ya lalata musu batir ɗin masallaci.

Shekara ta zagayo, mota ta fara ciwo. Ciwon kuma na munafunci ne. Da safe lafiyarta ƙalau. Sai an taso daga kasuwa, rana ta take, an danƙara mata mutane da buhuna, ta shiga rairayin hanyar gida, sai wata 'yar fitila ruwan goro ta kama a gaban direba, inji ya ɗauke ɗif. A zauna a gindin itace har ta huce, a murɗa makulli, ta tashi kamar ba ita ba. Ba kullum take yi ba, sai ta ga dama.

Bakanikai suka samu abin yi. Wannan ya ce famfon mai ne, aka canza. Wancan ya ce buji ne, aka canza. Wani ya ce esansin kwalba ne ya toshe ta, aka wanke tanki. Akwai ma wanda ya ce a liƙe fitilar da baƙin salatif, wai ita ke tsorata direba. Awakin Bilkisu suka riƙa tafiya kasuwa ɗaya bayan ɗaya, mota kuma tana nan da halinta.

Ni na ja shi wurin Hafizu. Hafizu mai gyaran wutar mota ne, rumfarsa tana bayan tasha, a Katsina ya koyo aikin. Ana cewa shi ba ya canki-canka, tambayar mota yake yi ta faɗa masa. Na bar tukunyata a hannun maƙwabciyata na bi su don in ga wannan abu da idona. Hafizu ya ɗaga kapo, murfin inji, ya juya mana baya, ya yafa tsumma a kan hannunsa, ya soka wata 'yar guntuwar waya a wani wuri da bai bari mun gani ba. Sannan ya shiga ya murɗa makulli bai tada inji ba, ya zuba wa fitilar nan ido.

Ya ce, “Irin waɗannan tsofaffin ba sa shan kwamfuta. Amma suna da ƙwaƙwalwa. Duk abin da ya same su a hanya suna riƙewa. In na tambaya, fitilar nan za ta ƙifta, ta dakata, ta sake ƙiftawa. Ni kuma in ƙirga, in san inda ciwon yake.”

Fitila ta fara ƙiftawa. Ƙyaf, ƙyaf, ƙyaf, a jere, ba dakatawa. Hafizu ya daɗe yana kallo, ya ɓata fuska.

“Cewa take lafiyarta lau.”

Na ce, “Ƙarya take. Jiya ta shanya mata da goyo a rana.”

Ya juya wurin Ishaku. “Malam Ishaku, an taɓa batir ɗin nan daga jiya zuwa yau?”

Ishaku ya sosa ƙeya, ya ce ai kullum a masallaci yake kwana.

Hafizu ya zare wayarsa ya sa a aljihu. Ya ce da zarar an cire batir, duk abin da ƙwaƙwalwar ta riƙe ya goge, ta wayi gari kamar yau aka haife ta. Ya ce magana ɗaya ce: ranar da ta sake tsayawa, a bar batir a jikinta har a kawo masa ita.

Na ce to ya nuna wa Ishaku inda ake soka wayar mana, in ta tsaya a daji ya ƙirga da kansa ya zo ya faɗa. Hafizu ya yi murmushi ya ce, “Hajiya, ke kina gaya wa mutane abin da kike sa wa a miyarki?” Na zage shi, ya shanye, amma bai nuna ba. Ya dai karɓi motar wuni guda ya yi ta zagaye da ita a kan kwalta, ta ƙi tsayawa. Na ce wa Ishaku in ta tsaya ya juyo Gazawa ya kwana. Ya ce ya juyo da wa, da mutanen garinsu da kayansu? Na ce to mutanen garin su haɗu su sayi nasu batir ɗin. Ya ce zai yi musu magana. Har yau yana kan yi musu magana.

Haka aka yi ta yi. Ta tsaya da la'asar, ya isa gida da magariba, ya tarar da Malam Auta tsaye da sifana, ya kasa buɗe baki. Da safe ya zo wurin Hafizu, fitila ta ce lafiya lau. Na ce masa, “Kai da motarka uwarku ɗaya. Ko wuƙa ce a wuyanku, aka tambaye ku, lafiya lau za ku ce.” Dariya ya yi, ya ce in ƙara masa miya.

Fasinja kuwa ba taubasansa ba ne. Aka fara ƙin shiga motarsa. In layi ya zo kansa sai mutane su noƙe su ce za su jira ta baya, direbobi su yi ta faɗa. Ranar da abin ya kai maƙura, ta tsaya da wani makiyayi mai suna Jaye wanda ya ɗauko mahaifinsa daga likita, tsoho ba ya ko iya zama. Suka yi ta gasuwa a rana har tsohon ya suma, aka yi ta yayyafa masa ruwa. Jaye bai yi hayaniya ba. Waya ya ɗauka ya kira Iro, shugaban sandika. Ina tsaye ina zuba wa Iro tuwo lokacin da shi kuma ya kira Ishaku a waya, saboda haka ba labari aka ba ni ba.

Ya ce, “Ishaku, ba ni da abin da zan ce da kai sai alheri. Amma sau ɗaya ya rage maka. Ta ƙara tsayawa da mutane, na ba wani layin.”

Yana ajiye waya na ɗauki tawa. Na ce, “Kai, ɗan Gwaggo, ka ji dai. Yanzu maganar tana bakin motar nan. In ka bari aka cire batir yau, kada ka sake zama a bencina. Rantse.” Ya ce wallahi ba za a cire ba. Tun da nake da shi ban taɓa jin ya rantse a kan zai hana wani abu ba.

Abin da ya faru a garin, Bilkisu ce ta ba ni labari, tana yi tana share ido. Ya isa ana shirin magariba, Malam Auta ya taho da sifanarsa kamar kullum. Ishaku ya tsaya a gaban kapo ya ce, “Malam, yau dai a yi mini haƙuri.” Ya yi masa bayani tiryan-tiryan, da fitila, da ƙwaƙwalwa, da maganar Iro. Malam Auta ya saurara har ƙarshe, ya juya wurin mutanen da ke alwala ya ce, “Kun ji. Wai ƙarfe ne zai yi mantuwa in an kira salla.” Aka yi dariya. Wani ya ce dama an ce abin duniya yana canza mutum. Ishaku bai gusa daga gaban motar ba.

Aka kira lisha da baki, muryar Malam Auta ko bayan masallaci ba ta kai ba. Da aka sallame, waɗanda ke gefen Ishaku suka miƙa masa yatsu biyu suka janye. Masu wayoyi suka zo suka koma suna tsaki. Magana ta shiga gidaje, ta iso kunnen Gwaggo. Ta kira shi ta ce, “Ni za ka tona wa asiri da tsufana? A ce ɗan da na haifa ya hana ɗakin Allah batir?” Ya durƙusa ya ce, “Inna, na yau kaɗai ne.” Ta juya masa baya. Ya sa makullin mota a ƙarƙashin matashi ya kwanta. Ya manta ƙofar baya ta daɗe ba ta kulluwa, kuma daga ciki ake jan kapo.

Da asuba abin da ya tashe shi shi ne hucin Malam Auta a cikin lasifika, fuf, fuf, yadda yake yi kullum don ya ji ko tana aiki. Sannan kiran salla ya cika gari har ƙauyen gaba. Gwaggo ce ta aika aka taso ladan, ta ce ita ta haifi mai motar, ya ɗauka. Bilkisu ta ce Ishaku ya tashi zaune a kan tabarma, bai motsa ba har aka gama kiran. Sai ya ɗauki buta ya yi alwala ya tafi ya bi su salla. Da aka idar kowa ya ba shi hannu biyu-biyu, ana cewa Allah ya yi albarka, dama sun san jiya sharrin shaiɗan ne.

Duk da haka ya kawo motar wurin Hafizu, ko Allah zai sa wani abu ya saura. Ina tsaye. Ƙyaf, ƙyaf, ƙyaf, ba dakatawa. Na juyo zan sauke masa kwandon zagi, ya riga ni.

“Inna ce.”

Me zan ce? Gwaggona ce, a bayanta na yi wayo. Na koma wurin tukunyata na huce a kan wani bawan Allah da ya ce miyata ta yi gishiri.

Ba a yi mako ba ta sake tsayawa, cike da mata 'yan kasuwa. Wannan karon tsoro ya hana shi jira ta huce. Ya yi ta murɗa makulli, yana murɗawa, har batir ya mutu murus. Wani direba mai kirki ya tsaya, ya ciro nasa ya ɗaura masa don ta tashi, sannan suka mayar. Wato ko a nan ma alheri ne ya sake goge maganar. Washegari Iro ya cika alkawarinsa. Bai ɗaga murya ba, har ya riƙe hannun Ishaku yana ba shi haƙuri.

Mota ba layi kuwa baki ce kawai mai ci. Awaki sun ƙare, gero ya kusa. Tahiru, ƙanen Iro, wanda dama shi aka ba gurbin, ya zo ya taya ta a matsayin mai ciwon da ba a san kansa ba, Ishaku ya sallama. Ranar da za a tafi da ita, dattawan Dogon Marke suka zo gidansa jaje. Suka yi addu'a, suka ce Allah ya mayar da alheri. Da za su tashi, Malam Auta ya gyara murya ya ce, to shi batir ɗin fa, ai ba da shi aka yi ciniki ba ko? Ishaku ya fita ya roƙi Tahiru. Tahiru ya yi dariya ya ce su riƙe, dama sabo zai sa.

A satin farko ta tsaya wa Tahiru a daidai inda ta saba. Shi gidansa a nan Gazawa yake, unguwarsu da lantarki, ba mai jiran batir ɗinsa. Ta huce, ya sauke fasinja, ya juyo, ta kwana a ƙofar gidansa ba wanda ya taɓa ta. Da safe na ga an nufi rumfar Hafizu da ita, na ajiye ludayi na bi. Ya yafa tsummansa, ya soka wayarsa, ya murɗa makulli. Fitila ta ƙifta sau ɗaya, ta dakata, ta ƙifta sau huɗu. Ta sake maimaitawa. Hafizu ya ce wuta ce ke yankewa, ya bi wayoyin da ke shiga delko, inda wutar inji ke rarrabuwa, yana lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya ta tsage daga ciki, in zafi ya yi sai ta saki. Ya yanke, ya haɗa, ya naɗe. Mutum bai gama cin malmalar tuwo ba an gama. Hafizu bai yarda mun haɗa ido ba, ni ma ban ce masa komai ba, don in na buɗe baki sai an kira jandarma.

Tun daga ranar ba ta sake tsayawa ba. Kullum tana wucewa ta gaban teburina, fara tas, an yi mata sabon fenti. Iro ya tausaya wa Ishaku ya ba shi kamasho a layin, saboda haka shi ke kira mata fasinja, shi ke ɗaure mata kaya a baya, kuma har yanzu in ya ga an jibga buhu a inda bai dace ba sai ya sauke ya gyara. Ni na gaya masa maganar wayar, don gara ya ji daga bakina. Ya kalli ƙasa ya ce, “Ashe abin ba shi da yawa.” Na jira ko zai ƙara wani abu, ko ya zagi wani, ko ni ce ma. Bai ƙara ba.

Da safe a cikin motar yake zuwa in ta juyo daga sawun farko, a kujerar baya, an matse shi tsakanin fasinja, batir a kan cinyarsa. Ya kai shi shagon masu caji, in ya cika ya kawo ya ajiye a ƙarƙashin teburina, da yamma ya ɗauka ya koma da shi don kada garin ya rasa kiran lisha. Sau nawa ina kallon abin nan ina raya wa in jefa shi a rijiya. Ban jefa ba. Da yamma ni ke jawo shi da hannuna in miƙa masa, in bi shi da zagi, ya ce Allah ya huci zuciyar taubashiya.

Jiya wata mata 'yar garinsu ta sauka a tasha ta zo wurina tana nemansa. Na ce ya tafi salla, ta bar saƙon. Ta ce Malam Auta ne ya aiko ta. Wai a gaya wa Ishaku batir ya fara rauni, asubar yau da ƙyar ya kai ƙarshen kira, ya kamata ya fara tunanin sabo.